Goɗiyar Durmush da Ciyawa Mai Furen Rawaya

Durmush ɗan amalanke ne a wani ƙauye kusa da birnin Karaman. Tun yana saurayi yake dakon alkama da kankana, kuma duk abin da ya shiga tukunyar matarsa Gulizar, goɗiyarsa Kinali ce ta jawo shi.

A gangaren bayan gidansa akwai wata ciyawa mai dangi da yawa. Ganyensu kusan ɗaya ne, sai sun yi fure ake rabe su: wata shunayya ce mai laushin geza, wata fara, wata kuma rawaya da ƙayoyi kamar allura. Shekarar da aka yi fari komai ya ƙone sai wannan ciyawa. Durmush ya riƙa ɗaure Kinali a cikinta tun ba ta yi fure ba, a zatonsa mai shunayyar ce da ta saba ci. Ko da gangaren ya yi rawaya fal, ta daɗe tana kiwo a wurin.

Wata safiya ya same ta leɓɓanta sun sandare, tana tauna iska, harawa na zubowa daga bakinta. In ƙishi ya kama ta sai ta tsoma kai cikin kwamin ruwa har ido. Ya garzaya ya ɗauko likitan dabbobi.

"Kawu, mai rawayar ta ci," in ji likitan. "Ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Babu magani."

"Duba da kyau mana, ɗana! Ƙafafunta lafiya lau, idonta garau!"

"Yunwa ce za ta kashe ta, ga abinci a gabanta."

Durmush bai yarda ba. Ya dama kunun sha'ir da zumar inabi, yana tura mata da hannu har maƙogwaro, yana lallashinta kamar jinjira. Haƙarƙarinta dai sai ƙara fitowa suke yi.

"Maigida, kai ma ba ka ci komai ba," in ji Gulizar. "So kake in yi rashi biyu?"

"Bar ni, baiwar Allah. Jiya ta haɗiye kaɗan."

"Ba ta haɗiye ba. A hannun rigarka ya zube."

Ranar da Kinali ta kasa tashi, ya ɗauki bindiga ya tsaya a kanta, hannunsa ya ƙi. Maƙwabcinsa Rustem ne ya karɓa, ya ce wa Durmush ya shiga gida ya rufe ƙofa.

Da kaka ta yi, ba goɗiya ba dako, Durmush ya koma Karaman da zama, gidan burodin surukinsa. Har tsufa ya ci ƙarfinsa, shi ke sauke buhunan fulawa a bayansa.