Wanzamin Da Ya Ƙi Yi Mini Ƙaho

A lokacin ina dako a kasuwar Maigatari, da mata da 'ya'ya, boko kuwa tun a firamare muka raba gari. Da aka rufe iyakar ƙasa aiki ya tsaya, sai wani abu ya shige ni. Gabana ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Ina zaune ƙirjina zai cushe, in ji kamar yanzu za a aiko mini da mummunan labari. Na gaya wa yayana, ya ce rashin tawakkali ne. Abokai suka ce ƙato da ni ina raki. Har yau ban manta musu ba.

Wata rana na je wurin wani tsohon wanzami ya yi mini ƙaho, ko jini ne ya yi mini yawa. Askarsa na taɓa bayana sai na ji tsoron ya yi tsit, kamar an kashe injin niƙa. Daga nan ƙaho ya zame mini jaraba. Don kada a gane sai na riƙa sauya wanzami, yau Gumel, wani makon Gagarawa, har Sule Tankarkar na hau acaɓa na je. Ba magani nake nema ba, zafin nake nema. Sauƙin kuma ba ya kwana. Kafin magariba tsoron ya dawo, ga kunya a kai, ko riga ba na cirewa a gaban matata.

Ranar da na koma wa tsohon nan, ya ɗaga rigata ya ga bayana duk tabon tsaga. Ya sauke ta a hankali, ya kira ni ɗansa, ya ce ba zai ƙara tsaga wannan bayan ba, jinina bai yi laifin komai ba. Na yi masa tsiwa, na ce ai ba kyauta zai yi ba. Ya ce in zauna dai ya yi mini aski. Yana askin ya tambaye ni me nake tsoro. Ba wanda ya taɓa tambayata. Na yi kuka da rabin kai a aske, yana lallashina wai in bari ya ƙarasa, kada in fita haka in kore masa kasuwa. Shi ya raka ni asibiti wurin masu duba ciwon damuwa, shi ya sa na gaya wa matata.

Ban warke lokaci guda ba. Na sha komawa ruwa a ɓoye, in dawo masa kai a sunkuye, bai taɓa goranta mini ba. Muka yi alkawari: duk ranar da abin ya taso, in zo aski ko ba suma a kaina. Har yau kaina ba ya tara gashi.

Abin da na gane, ba hauka ba ne, ba kuma raki ba, tsoro ne da ya rasa mai saurarensa. In kun ga naku yana cutar da jikinsa, kada ku fara da wa'azi ko dariya. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi me yake tsoro, ku raka shi asibiti. Ni da 'yan'uwa cike da gida, sai da bare ya tambaye ni.