Tsarabar Sani Daga Amurka

Iyaye mata, ku riƙa duba jikin gwangwani!

Ƙanena Sani zai zo Alƙahira daga Amurka. Kafin ya taso, yana nuna min tsaraba a kiran bidiyo, sai na hango lemon gwangwani mai hoton ganyen wiwi.

"Yaya, jiharmu ta halatta shi," in ji shi.

"Jihar taku ce za ta fito da kai idan aka kama ka a filin jirgin Masar? Abin maye ne, zubar da shi ina kallo!"

Ya zubar. Jiya ya iso gidanmu a unguwar Faisal lafiya, ya sha zoɓona har da neman ƙari. Alhamdulillah!

Kun taɓa ganin irinsa? Ni dai na kafa doka: abin sha ba ya shiga firinjina sai na karanta jikinsa.