Matar da Ta Kalli Kyamara

Sana'arsa ta ainihi gyaran keken ɗinki ce, amma teloli kaɗai suka san shi da ita. Sauran mutanen gari muryarsa suka sani. Sau ɗaya a mako yakan rufe ɗan shagonsa da yamma, ya wanke baƙin man da ke farcensa iya abin da sabulu zai iya, ya hau benen wani ƙaramin gidan rediyo da ke saman kantin magani, ya zauna gaban makirfo ya yi sharhin fim ɗin da sinimar gari ke nunawa. Gatari ake ce masa. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma bai taɓa ƙin amsa shi ba, don in ya sauka a kan fim ba ya barin ko reshe.

Bai yi karatun fim a ko'ina ba. Ido kawai gare shi, da kunnen da ya saba jin inda keke ke tsallake zare, sai kuma taurin kai. Ba ya fita daga sinima kafin fim ya ƙare, ko da fim ɗin na neman ransa, kuma bai taɓa yabon abin da bai yi masa ba. Saboda haka mutane suka yarda da bakinsa. Mai sinimar ma, wani ƙaton mutum mai yawan gumi da ya gaji ginin daga mahaifinsa, ya daɗe da daina wahalar da kansa da tunani. Ranar shirin zai kunna rediyo a ofishinsa. In Gatari ya yaba, fim ya ƙara mako. In ya sare shi, kafin hantsin gobe an ɓamɓare fastarsa daga bango an liƙa wata.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta jin tsoron Gatari, ita ce matarsa. Tunda ya aure ta ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba. Cewa take ba ta ga dalilin da zai sa mai hankali ya shiga duhu ya zauna kallon ƙarti suna mutuwar ƙarya ba. Amma shirinsa bai taɓa wuce ta ba. Kafin ya cire takalmi ta ajiye masa abinci ta ajiye masa hukunci: yau ka cika surutu, yau ka zalunci yarinyar nan, yau ka yi ta cewa "wato, wato" kamar wanda ake bi da sanda. Ita ta gano cewa duk lokacin da yake kame-kame, "wato" ce ke tona masa asiri. Alƙaliya yake kiranta, tana yi masa tsaki, yana cin abincinsa yana jin daɗi.

Bara ta rasu, bayan wata gajeriyar jinya da ba wanda ya ɗauka za ta kai ga haka. 'Yarsu tilo tana aure a wani gari mai nisa. Ya ci gaba da shirin, don bai san abin da zai yi da yammacin ranar ba in ya bari. Sai dai yanzu in ya dawo, rediyon na nan a kan firji a kashe, ba wanda zai ce masa ya yi daidai ko ya yi shirme. Yabo yana samu a titi har ya gundure shi. Faɗan nan ne ya rasa, kuma rashinsa ya fi komai ci masa rai. Ko hoton kirki ba ta bar masa ba, don ta tsani a ɗauke ta. Akwai na bikin 'yarsu inda ta kau da kai, da na katin shaida inda ta yi kama da wadda aka kama da kayan sata.

Ana nan sai aka kawo wani fim na harbe-harbe, labarin wani tsohon ɗan sanda da aka sace wa ƙanwa, yake bin gungun 'yan fashi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga fasta Gatari ya san ya samu nama, don an rubuta sunan fim ɗin da kuskure. Ya shiga nunin azahar ya zauna a kujerarsa ta gefen hanya, wadda soson cikinta ya leƙo, ƙarƙashin fankar da ke juyi tana kuka.

Fim ɗin bai ba shi kunya ba. Jarumin ya shiga ɗaki da farar riga ya fito da shuɗiya. Ubangidan 'yan fashin ido ɗaya gare shi, amma baƙin ƙyallen da ya rufe mataccen idon yau yana dama, gobe yana hagu. Ƙarar bindiga takan iso bayan wanda aka harba ya gama faɗuwa. Wata gawa ta kori ƙuda daga hancinta. Aka yi tseren mota a kan titi ɗaya, suna ta wuce shagon aski guda har Gatari ya haddace farashin gyaran fuska. Yana zaune yana murmushi, yana jera maganganun da zai yi a ransa.

Sai aka zo faɗan kasuwa. Masu fim ɗin ba su da halin tare titi ko ɗauko 'yan cika wuri, don haka suka kafa kyamara a tsakiyar jama'a suka hau dambe. Masu wucewa suka tsaya kallo, wasu na dariya, wani ma yana ɗaga hannu yana gaida 'yan gidansu. Gatari ya gane titin, bayan layin masu yadi ne. Yana shirin ƙara wannan a cikin laifuffukan fim ɗin, sai wata mata ta shigo daga gefen hagu, da jakar cefane mai ruwan ƙasa wadda aka ɗaure hannunta da waya. Shi ya ɗaure wayar nan da hannunsa.

Matarsa ce. Ita ce, da tafiyarta ta mai ciwon gwiwa, da mayafin da har yanzu yake ninke a ƙasan akwati. Ashe fim ɗin ya daɗe da ɗauka, rashin kuɗi ya sa ya kwanta sai yanzu. Ta tsaya bayan jarumin, ta ɗan jima, ta wuce. Abin da ya faru a sauran fim ɗin Gatari bai sani ba. An kunna fitilu mai shara ta zo ta same shi a zaune, sai da ta buga tsintsiya a ƙafar kujera sannan ya tashi.

Washegari ya dawo, ya sake dawowa, har mai sayar da tikiti ta fara tsokanarsa cewa wannan karon da alama wasa gatarin yake yi sosai. Ya yi mata murmushi kawai. Teloli suka yi ta zuwa suna tarar da shago a rufe da rana tsaka.

Ya nemi hanyar da zai mallaki wurin nan da ta fito a fim ɗin. Mai haska fim ya ce abin a kulle yake zuwa, ba a kwafa, kuma ranar da aka sauke shi direban kamfani ke zuwa ya tafi da shi. Ya kira lambar da ke jikin fasta, wata mata ta ɗauka ta ce ita kaji take sayarwa, kuma ta gaji da masu neman 'yan fim. Irin waɗannan finafinan ya san ƙarshensu, in suka bar sinima ba a sake jin ɗuriyarsu. A rana ta gaba ya yi abin da ya shekara yana tsine wa masu yinsa a rediyo: ya zaro wayarsa a cikin duhu ya saita allo. Da ya duba a gida, ba komai sai wani farin haske mai motsi da kukan fanka.

Ya kira 'yarsa da niyyar faɗa mata. Ta ɗauka tana tsawata wa yara, ta tambaye shi ko yana shan maganinsa, ko ya sa an duba rufin da ke yoyo. Ya ce yana sha, ya ce za a duba. Ta ce, "Baba, akwai wani abu ne?" Ya ji in ya fara ba zai iya kai ƙarshe ba, ga shi an tsala ihu a bayanta. Ya ce ba komai, ta gaida maigidan.

Hanya ɗaya ta rage, kuma a bakinsa take. In ya yabi fim ɗin, zai ƙara mako. In ya iya ƙarya da kyau, wataƙila ma fiye. Ya zauna a shago gaban wani keken da ya kwance wa kai, yana gwada maganar a hankali: fim ne na matasa masu ƙoƙari, akwai 'yan kurakurai amma ya cancanci a kalla. Wa zai cutu? Mutane su ɓata yammaci guda, ba kansu farau ba. Shekarun da ya yi yana faɗa musu gaskiya, ai ya ci a ce sun yi masa wannan alfarmar ko ba su sani ba.

Ranar shirin ya sake shiga nunin azahar. Shi kaɗai ne a zauren, sai wani da ya shigo shan iskar fanka ya yi barci. Duk kwanakin nan kallonta kawai yake yi, bai lura da abin da take yi ba. Ranar ya lura. Ta ajiye jakar a ƙasa ta riƙe ƙugu. Jarumin ya kai naushin da ya wuce fuskar ɗan fashin da kusan kamu guda, ɗan fashin ya yi sama ya faɗa kan tulin kwali. Ta bi shi da ido har ƙasa, ta taɓe baki, ta girgiza kai. Sannan ta juyo ta dubi kyamara ido cikin ido, irin duban da ke cewa, kai da girmanka, ba ka ji kunya ba? Ba a ɗauki sautinta ba, amma ya ga tsakin a leɓenta. Ta sunkuya ta ɗauki jakarta ta tafi abinta.

Dariya ta ƙwace masa har mai barcin ya farka. Ya yi ta yi har ta koma wani abu daban, ya sa hannun riga ya goge fuska. Wannan duban ai nasa ne, shi aka saba yi wa a bakin ƙofa.

Da yamma ya hau benen rediyon yana nan a kan niyyarsa. Mai haɗa sauti, wata mata mai tabarau da suka daɗe suna aiki tare, ta ɗaga masa yatsa daga bayan gilashi, jar fitila ta kama. Ya yi sallama ya fara. Ya ce fim ne, wato, na matasa. Ya ce, wato, in aka duba ta wani ɓangaren, wato. Ya ji kalmar tana fita daga bakinsa tana sake fita, ya tsaya. Mai haɗa sauti ta duba wayoyin makirfo tana zaton na'ura ce ta ɗauke.

Ya gyara zama, ya yi wa fim ɗin wankin babban bargo. Bai bar rigar ba, bai bar ƙyallen ido ba, bai bar gawar da ƙudanta ba. Ya ce shagon askin nan ya kamata a ba lambar yabo, don ya fi jarumin fitowa. Daga ƙarshe muryarsa ta sauka.

"Mutum ɗaya ce ta yi aikinta daidai a fim ɗin nan," ya ce, "kuma ba sunanta a jerin 'yan wasa. Wata baiwar Allah ce mai wucewa da jakar cefane. Ta tsaya, ta kalla, ta yi tsaki, ta tafi. Duk abin da na faɗa muku yau, ta riga ni faɗa, kuma ta fi ni taƙaitawa."

Mai haɗa sauti ta kife kai a kan tebur tana dariya. Waya ta yi ta ƙara, masu saurare na cewa rabon da Gatari ya yi kaifi irin na yau an daɗe. Ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya sauko ya taka zuwa gida a ƙasa.

Duk da haka washegari ya wanke hannu ya tafi nunin azahar, ko Allah zai sa direban ya makara. Tun daga nesa ya hango sabuwar fasta, gam ɗinta bai ma bushe ba. Mai sinimar ya tarye shi a ƙofa yana sharce gumi, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce jiya har matarsa sai da ta riƙe ciki don dariya, kuma tun da safe ya sallami wancan tarkacen. Wannan sabon kuwa, ya ce, na manyan kamfani ne, shiga ka wanke idonka.

Gatari ya shiga ya zauna a kujerarsa. Fim ne mai kyau, ba shakka. Sauti na zuwa a kan lokaci, wanda ya mutu ya mutu. Akwai faɗan kasuwa a cikinsa shi ma, an tare titi tsaf, kowane mai wucewa an koya masa inda zai bi da inda zai sa idonsa. Gatari bai kalli jarumin ba. Gefen allo yake ta duba, hagu da dama, har rubutun ƙarshe ya gama hawa.

Mai sinimar na jiransa a waje yana murza hannu. "To, Malam, yaya ka gani?"

"Ba kuskure ko ɗaya," ya ce, ya nufi shago, inda wani tela ke zaune a bakin ƙofa da kan keke a cinya yana jiransa.