Ƙafar Baba da Doktar Gidanmu

Mu biyu muka yi karatun jinya a gidanmu, ni da ƙanwata. Ni na fara, aka tura ni likitar Dogon Kiriya, asibitin garin ke nan, na zauna har na zama majo, wato shugabar wurin. Ita kuwa daga Yamai ta yi gaba, sai ƙasar waje, wai karatun doktora na manyan ma'aikatan jinya. Ba ta ko kammala ba Baba ya raɗa mata Dokta. Ni fa? "Mai allura" yake ce mini, har a gaban baƙi.

Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Yarinyar da ni na koya wa neman jijiya, a kan hannuna, ta yi ta caka mini allura har wurin ya kumbura! In ta turo hotonta cikin babbar rigar sanyi, Baba sai ya zagaya garinmu Matankari da wayar salula yana nuna wa mutane. Ni da nake hawa babur cikin rairayi in kawo masa maganin ciwon sukari, sai dai a ce, "Kin iso? Akwai fura."

Wata damina kara ya soke shi a babban yatsan ƙafa wajen noma. Da na zo na kwance tsumman da ya ɗaure, warin kaɗai ya gaya mini komai. Yatsan ya fara baƙi. Na wanke, na ɗaure, na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina. Sai babbar likita ta Dogon Dutsi, kuma yau. In muka jira, ƙafar za ta tafi."

"Ke dai sa mini magani," in ji shi. "Hatsi na tsaye a gona za ni kwanta likita?"

Na roƙa, na yi faɗa, har na kira limamin unguwa ya sa baki. Baba ya gyara zama bisa tabarma ya ce, "A bari mu ji mi Dokta za ta ce."

Wallahi sai da na ji kamar in jefar da kwanon wankin. Shekara da shekaru ina ganin irin wannan ƙafa, na san wadda ake cetowa, na san wadda ake rasawa. Amma bakina bai isa ba, sai na wadda ko warin ba ta ji ba.

Na fita bayan rumbu na kira ta. Tana aji, ta fito. Na ce, "Ki gaya wa ubanki ya tafi likita, ni ban kai ba."

"Haba Yaya, ai ke ce a wurin. Turo mini hoton in gani."

Na tura. Ba ta ɗauki lokaci ba ta ce, "Yaya, abin da kika faɗa shi ne. Ba ni shi." Da ta yi mini gardama ma da na fi jin daɗi, in samu abin riƙewa. Amma yarinyar nan ba ta taɓa raina ni ba, shi ya sa haushin nawa ba shi da wurin sauka.

Na miƙa masa salula. Maganata ce ta maimaita masa, ba ƙari ba ragi. Kafin ta rufe baki Baba yana neman hularsa.

A Dogon Dutsi aka cire yatsan, ƙafar ta tsira. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara jinkiri da sai daga gwiwa. Na ɗauki hutu na zauna jinya, ina juya shi, ina kai shi bayan gida, ina hana 'yan dubiya cusa masa lemon kwalba. Na yi murna ƙwarai, ubana ne. Amma duk wanda ya shigo, labari ɗaya yake ji: "Ɗiyata Dokta, tana can bayan teku ta hango ciwon."

Ranar da aka sallame mu ina durƙushe ina naɗa masa bandeji, ya ce in kira masa ita. Na share hannu, na kira, na kara masa a kunne. Ya yi ta sa mata albarka, ita da karatunta da 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna. Ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Baba, Yaya fa, Yaya ce ta yi komai."

Ya ɗago ya dube ni, na ce a raina to, yau dai zai yaba mini. Sai ya ce, "Riƙe da kyau mana, ba na jin Dokta."