Lamba Huɗu a Ƙungiyar Ankulung

Ni da kiɗan shantu aka raine ni. A gidanmu a Kano, idan mata suka zauna kiɗan biki, hannu ba ya hutawa sai an kira salla. Shi ya sa ranar da maƙwabciyata a unguwar Cheras, can ƙasar waje inda nake karatu, ta ce in cike musu gurbi a ƙungiyar kiɗansu, ban bari ta rufe baki ba na amince. 'Yar Indunusiya ce, tana digiri na uku a jami'ar da nake na biyu. Kowa Teteh yake ce mata, wato Yaya a yarensu, ni ma na bi sahu.

Abin kiɗan sunansa ankulung. Gora ne guda biyu a tsaye cikin ɗan firam, a riƙe da hagu a girgiza da dama, kuma sauti ɗaya tak yake fitarwa. Mu ashirin ne, kowa da lambarsa. Teteh tana gaba tana nuna lamba da hannu, masu lambar su girgiza, sauran su tsaya cik. Tawa huɗu ce, ni kaɗai, kuma a waƙar da za mu yi ranar al'adu ta jami'a sau uku kacal take zuwa kafin rufewa.

Tsayawar nan ce ta gagare ni. Da kiɗa ya yi daɗi sai in ji kafaɗata ta motsa, hannu ya bi ta, goran ya kama kuka a inda ba a gayyace shi ba. Sau nawa aka tsayar da gwaji saboda ni! Ana saura mako guda Teteh ta ja ni gefe.

"Ƙanwata, ina son ki," ta ce, "amma idan kika ƙara girgizawa ba lokacinki ba, zan karɓi huɗu in ba wata."

Ni kuwa na riga na kamu da son abin nan. Na ce, "Teteh, boleh," wato zai yiwu a yaren ƙasar, "wallahi zan iya." Makon nan ko a jirgin ƙasa lambobi nake bi a zuci, hannuna matse a hammata.

Ranar ta zo, Asabar da hantsi, zaure maƙil. Muka jeru cikin atamfarsu ta batik. Teteh ta ɗaga hannu, sautin gora ya tashi daga wannan gefe ya gangaro wancan, tsigar jikina ta tashi. Huɗu ta farko ta zo, na girgiza na tsaya. Ta biyu ma haka. Ta uku ta fita tas, har Teteh ta yi min murmushi. Wayyo daɗi! Ji nake kamar in yi tsalle.

A ƙarshen waƙar akwai ɗan shiru kafin kowa ya girgiza tare. Na san da shi sarai, mun gwada shi ya fi a ƙirga. Hannuna bai girgiza goran ba ko kaɗan. Amma murnar da na danne tun farko sai da ta nemi hanya. Kawai na ji na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin ta shigar amarya, har cikin lasifika.

Hannun Teteh ya daskare a sama. Ta ƙura min ido, sannan ta sauke hannun, aka rufe waƙar. An yi tafi sosai, amma ni ko kai ban iya ɗagawa ba. Wata 'yar garinmu ta tare ni a ƙofa tana dariya har da hawaye, tana kwaikwayon Turancin 'yan ƙasar: "Ke, what was that lah? Biki kika zo?"

Ranar gwaji na gaba na naɗe ankulung ɗina a gyale na kai wa Teteh, don kada sai ta tambaya. Ba ta karɓa ba. Takardar waƙar ta miƙo min. Huɗuna uku suna nan, kuma can ƙarshe, daidai wurin shirun nan, ta zana ɗan baki a buɗe da jan biro.

"Wannan ma lambarki ce," ta ce. "Amma sai na nuna ki."