Takabar Malama Baraka

Ranar sadakar uku, duk macen da ta shigo ɗakin ta durƙusa ta dafa damtsen Malama Baraka na hagu tana cewa Allah ya jiƙan Malam Garba, sai in ga ta ɗan runtse ido. Matan sun ɗauka kuka take dannewa. Ni da nake rakuɓe a bakin ƙofa na san ba shi ba ne. Allurar rigakafin da aka yi mata saboda tafiya Amurka ce ta kumbura a wurin. Ba ta janye hannun ba ko sau ɗaya.

A Kambarawa aka haife ta. Mahaifinta, Malam Yari, malamin asibiti ne, shi ya bar ta ta yi boko har jami'a a Zariya, inda ta karanta nazarin zaman jama'a. Da ta dawo Katsina ta kama aiki a ofishin jin daɗin jama'a, wanda mutanen gari ke ce wa Walfiya. Can na same ta a shekarar 1976, ina sabuwar fitowa daga jami'a, aka ba ni ɗan tebur a kusurwar ɗakinta. Aikina in rubuta abin da aka faɗa. Nata kuwa sasanta ma'aurata.

Lokacin kuɗin mai sun shigo gari. Ko'ina sabon babur, ko'ina gini, maza suna bin kwangila Kaduna da Legas su yi wata ba su leƙo gida ba. Bencin ƙofar ofishinmu bai taɓa zama ba kowa.

Akwai Mati direban tifa da matarsa Binta, waɗanda zuwansu na uku ke nan.

"Malama, ki tambaye shi," in ji Binta. "Tun da ya sayo rediyon nan mai kaset ya taɓa ce mani sannu? Da shi yake hira, da shi yake cin tuwo."

"Ai rediyo ba ya yaji," in ji Mati.

"To, ya tuƙa maka tuwon mana!"

Malama Baraka ta yi dariya har da share ido. Ta saurari kowa shi kaɗai, ta haɗa su, ta ba su baki, suka fita suka hau babur ɗaya. Sai da ƙarar ta yi nisa ta juyo gare ni.

"Hajara, za su dawo kafin damina. Mun iya mai da mace ɗakinta, amma ba mu san abin da ke sake fiddo ta ba. Haƙuri kawai muke rabawa kamar asfirin."

Wannan shi ya sa ta neman ƙarin karatu. A wata mujalla da ake aiko wa ofis ta ga cewa wata jami'a a Amurka tana ba da digiri na biyu a kan ba ma'aurata da iyali shawara, shekara biyu, rabi a aji, rabi a zaune da iyalai ƙarƙashin idon malami. Shiga ba sauƙi. Sai da shaidar digiri, da shaidar aiki, da wasiƙun malamanta na Zariya, da jarrabawar Turanci, sannan ganawa da wakilin jami'ar a Kaduna. Shekarar farko ba a ɗauke ta ba, wata takarda ta makara a hanya.

Mijinta Malam Garba ma'aikacin gidan waya ne, shi ya ce a sake. Shi yake manna kan sarki, shi yake bin sawun kowane ambulan. Likitar aure yake ce mata. Ta ba ni labari cewa kafin ganawar yakan zauna bisa turmi ya karkata hula, ya maƙe murya wai shi Bature ne, ya ce, "To Madam, me ya sa kike son raba faɗan mutane alhali ke kike jawo na gidanku?" Ranar da amsa ta zo bai jira masinja ba. Da kansa ya kawo ta ofis bisa keke, yana haki, ya manta ko sallama bai yi ba.

Gwamnati ta yarda za ta ɗauki nauyin karatun. Aka ce a farkon watan Satumba za ta kasance a can. Ana saura 'yan makonni Malam Garba ya tafi Kaduna karɓo mata tikitin jirgi, don ita tana da shari'o'in da take son rufewa. A hanyar dawowa, bayan an wuce Malumfashi, tasin da ya shigo ta yi karo da tankar mai. Aka kawo shi washegari da hantsi.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce, mace tana zaune a gidan da mijinta ya bar ta. Tata sai cikin Disamba za ta ƙare.

Bayan sadakar bakwai shugaban ofishinmu, Alhaji Shehu, ya zo gidan. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, labule a tsakaninsu, Malam Yari yana zaune a gefe bisa tabarma. Ni ina ciki tare da ita da mahaifiyarta, Inna Hajo.

"Malama, ba don in ɗaga maki hankali na zo ba," in ji Alhaji. "Amma irin wannan dama ba ta jira. Na yi tambaya, akwai malaman da suka ce in da larura..."

"Larurar mi?" in ji Inna Hajo. "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba a ce ɗiyata ta hau jirgi? Da wane ido zan dubi danginsa?"

"Hajo, yi shiru," in ji Malam Yari. "Ba ke aka ɗauka ba, ba ni aka ɗauka ba. Baraka, ke za ki faɗa. Abin da kika ce ni zan tsaya maki a kai."

Malama ta gyara zama. Sannan ta ce, "Baba, zan zauna. Alhaji, na gode. A rubuta masu a roƙi su ɗaga mani zuwa baɗi."

Da suka tafi na kasa riƙe bakina, ni da ban cika magana ba. Na ce, "Yaya, shi fa ya fi kowa son ki tafi."

"Na sani," ta ce. "Amma zaman nan shi kaɗai ya rage mani na auren. In tafi in koyo yadda ake riƙe na mutane, in bar nawa ban ƙarasa ba?"

Ta zauna. Ba lalle, ba kwalli, ba turare. Ina zuwa bayan an tashi aiki in iske ta da littattafan da jami'ar ta ce a karanta kafin a zo, tana ja masu layi da fensir. Mata masu zuwa gaisuwa kuma, in sun gama addu'a, sai su gyara zama su fara ba ta labarin gidajensu, ita da ya kamata a lallasa. Tana cikin takabar labari ya iso cewa Mati ya saki Binta. Ta rufe littafin da ke hannunta, ba ta sake buɗe shi ba ranar.

Jami'ar ta yarda ta ɗaga mata shekara ɗaya, ta ce ba za ta iya ƙari a kai ba. Malama ta fita takaba ta dawo ofis, ta rame, ta sake cika takardun neman tallafi daga farko. Yanzu ita take zuwa gidan waya da kanta, ta bi layi a gaban tagar da mijinta ya saba zama.

Sai dai shekarar ta zo da sauyi. Kuɗin mai sun ja baya, gwamnati ta tsuke hannu, aka ce waɗanda za a tura waje sai masu karatun likita da injiniya. Alhaji Shehu ya je Kaduna har sau biyu a kan maganar. Dawowarsa ta biyu ya shigo ɗakinmu bai zauna ba, yana juya makullin mota a hannu.

"Malama, na yi iya yina. Sun ce babu."

"To, Alhaji. Allah ya saka da alheri. Allah ya sa haka ya fi."

Ya fita. Na sunkuyar da kai bisa takarduna don kada mu haɗa ido. Sai ta ce in leƙa in ga ko da sauran mutane a benci. Akwai wani tela da matarsa, kowa ya juya wa kowa baya. Ta ce su shigo.

Da aka tashi muka fito tare, gidajenmu hanya ɗaya. Muka kai wajen masu kayan miya. Nan ta tsaya ta taya alayyafo, mai kayan ya ce albarka, ta ƙara masa, ya ɗaure mata. Ta ce ya sa mata gyara.