Ramin da yayana ya gina a Aljer

Gidanmu a Gangara gidan masu gina rijiya ne. In mutum ya sauka, na sama yakan kira shi jefi-jefi, shi kuma ya amsa. Ranar da aka kira aka ji shiru, to sai a fara salati.

Shi ya sa hankalin Inna ya tashi da yayana ya tafi ci-rani Aljer ya samu aikin haƙa. Garin ya cika ya batse, motoci sun rasa wurin bi, sai aka ce a yi wa jirgin ƙasa hanya ta ƙarƙashin gidaje. Can ciki babu rezo, wato waya ba ta shiga. In na kira shi da rana, shiru. Inna ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, ba ta ma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Sai dai ta zo ta tsaya kusa da ni tana gyaran tsintsiyar da ba abin da ya same ta. Na sha yi mata ƙaryar ya amsa.

Wata ranar kasuwa ya kira da bidiyo daga wata tashar jirgin da aka gama, wadda rezo ya kai. Muka taru muna kallo a wayata. Ni da na san rami mai faɗin mutum ɗaya, sai ga rami ya ci kasuwar garin Gazawa har da saura. Fitilu fes, matakala tana tafiya da kanta, mata da goyo suna gangarawa suna hira abinsu. Jirgi ya fito daga duhu, ya buɗe ƙofofi, ya kwashe jama'a ya wuce. Baffanmu, wanda ya tsufa cikin rijiya, ya ce, "Ikon Allah!"

Inna na bayanmu, wai tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ku ce ma wancan shi hito in ga rana bisa kainai."

Yayana ya ji. Ya hau matakalar, muna kallo haske yana ƙaruwa har ya fito titi, rana ta bugi fuskarsa yana ƙifta ido. Sai Inna ta ajiye rariya, ta karɓe wayar daga hannuna da garin gero a yatsunta, a gaban Baffa da kowa, ta kira sunansa.

Ya ce, "Na'am, Inna."